Ɗigo Biyu a Kan Allo: Tarihin Rada da Masu Raba Jiragen Sama

Ranar Alhamis 7 ga Nuwamba 1996, da la'asar sakaliya, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal ya rikito cikin ruwa kusa da Ejirin, gabas da birnin Legas, bayan matuƙansa sun yi ƙoƙarin kauce wa wani jirgi da ya tashi daga Legas zai tafi Inugu. Mutum 144 ne a ciki, babu wanda ya fita da rai, cikinsu har da Farfesa Claude Ake, shahararren masanin kimiyyar siyasa. Kwana biyar bayan haka, ranar Talata 12 ga wata, jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 da bai cika minti goma da tashi daga Delhi ba ya yi karo da jirgin Kazakistan da ke shirin sauka, a saman garin Charkhi Dadri na ƙasar Indiya. Mutum 349 suka halaka. Har yau ba a taɓa yin karon jirage a sararin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

A duka wuraren biyu akwai rada, wato na'urar da ke hango jirage daga ƙasa, akwai kuma jami'in kula da zirga-zirgar jirage zaune a gabanta. Duk wanda ya ji haka zai ɗauka ɗayan biyu ne: ko na'ura ta lalace, ko mutum ya yi sakaci. Tarihin wannan aiki bai yarda da wannan rabo ba. Abin da ya nuna tun daga 1956 shi ne, kowace rada tana da abin da ba ta nunawa, kuma duk giɓin da ta bari, ƙwaƙwalwar jami'in da muryarsa ne ke cike shi. Yawancin abin da rahotanni ke kira kuskuren jami'i a cikin wannan giɓi yake aukuwa, alhali masu sayen kayan aiki da masu shata hanyoyi da masu tsara jadawalin ma'aikata ne suka yanke faɗinsa shekaru kafin ranar haɗarin.

Benen da ba shi da daɓe

An yanka sararin da jiragen fasinja ke bi hawa-hawa kamar bene, tsakanin kowane hawa da na samansa ƙafa 1,000. Jirage biyu suna iya ratsa kan wuri guda a lokaci guda muddin ba hawa ɗaya suke ba. In kuwa hawansu ɗaya, sai an raba su gaba da baya ko gefe da gefe. Inda rada ke ganinsu, ƙa'idar ita ce mil 5 na awon teku, kimanin kilomita 9, a kan rage ta zuwa mil 3 a kusa da manyan filaye. Inda babu rada, tazarar da aka saba bayarwa minti 10 ce, wadda ga jirgin da ke cin mil 8 a minti ta kai mil 80. Bambancin da ke tsakanin 5 da 80 shi ne ribar rada: da ita sarari guda yake ɗaukar jirage da yawa, kuma saboda ita ne ake jera su kusa da juna fiye da yadda za a yarda a yi da ido a rufe.

Jirgin da ya kai hawansa ya daidaita ba shi da wuyar kiwo. Mai wuya shi ne wanda ya tashi yanzu, domin kafin ya kai inda zai zauna sai ya keta duk hawan da ke ƙasa, a daidai yankin da masu sauka su ma ke ketowa daga sama. A cikin waɗannan 'yan mintoci kuma yana sauya hannu: jami'in hasumiya ya miƙa shi ga mai kula da kewayen fili, shi kuma ya miƙa shi ga mai kula da manyan hanyoyi, kowane da nasa layin rediyon. Shi ya sa ƙa'idojin hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ware wa tashi lissafinsa. Idan babu rada, minti 1 tsakanin jirage biyu da hanyoyinsu za su rabu da aƙalla digiri 45 da zarar sun tashi, minti 2 idan hanya ɗaya za su bi kuma na gaba ya fi gudu sosai, minti 5 idan na baya zai keta hawan na gaba.

1956: ranar da babu mai gani

Ranar 30 ga Yuni 1956 jirage biyu suka tashi daga Los Angeles a Amurka, minti uku tsakaninsu. Na kamfanin TWA ya nufi Kansas City, na United ya nufi Chicago. Matuƙin TWA ya nemi izinin hawa ƙafa 21,000 aka hana shi, saboda an riga an ba jirgin United wannan hawa. Sai ya nemi a bar shi ya tashi ƙafa 1,000 a saman gajimare, yana duba hanya da idonsa, abin da dokar lokacin ta halatta. Aka bar shi, saman gajimaren kuwa ya kai shi ƙafa 21,000 daidai. Bayan kamar awa ɗaya da rabi jiragen suka haɗu a saman kwazazzabon Grand Canyon, mutum 128 suka mutu.

A lokacin rada ta shekara ashirin a duniya, tun gwajin da Robert Watson-Watt ya yi a Ingila a 1935, ta kuma yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma a harkar fasinja ba ta wuce kewayen wasu manyan filaye ba. Jami'an da ke kula da dogayen hanyoyi da guntayen takardu suke aiki, kowace ɗauke da sunan jirgi da hawansa da lokacin da matuƙi ya ce zai isa wuri kaza, saƙon ma sau da yawa ta hannun ma'aikatan rediyon kamfani yake zuwa. Jiragen biyu sun bar shatattun hanyoyi, sun shiga sararin da doka ba ta ɗora wa kowa alhakin raba su ba. Wannan haɗari, da wasu da suka biyo shi, su suka sa Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar 1958 da ta kafa hukumar FAA, aka kuma zuba kuɗi wajen shimfiɗa rada a kan manyan hanyoyin Amurka.

Rada iri biyu

Rada ta asali kuwwa take yi ta saurari amsa. Tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi jikin jirgi ta dawo, na'ura ta lissafa nisa da ɓangare, ta ɗiga ɗigo a kan allo. Ba ta san sunan jirgin ba, ba ta kuma san hawan da yake ba. Ta biyun tambaya take yi. Tana aika kira, wata na'urar amsawa da ke cikin jirgin ta maido da lamba mai alƙaluma huɗu wadda jami'i ya ba matuƙi, tare da tsayin da jirgin yake. Asalinta dabarar da sojoji suka ƙirƙiro ce lokacin yaƙi don bambance jirgin gida da na abokan gaba. Da ita ɗigo ya sami suna da hawa rubuce a gefensa. Rauninta kuwa shi ne, abin da jirgi ya faɗa mata kawai ta sani. In an kashe na'urar amsawa, ko ba a ba ta lambar da ta dace ba, rubutun ya tafi.

Abin da ya faru ke nan a Zagreb, cikin tsohuwar Yugoslabiya, ranar 10 ga Satumba 1976. Jirgin Inex-Adria ƙirar DC-9 ya tashi daga Split ɗauke da 'yan yawon buɗe ido, akasarinsu Jamusawa masu komawa gida, yana ta hawa. Jirgin British Airways daga Landan zuwa Istanbul yana tafe a ƙafa 33,000. Cibiyar Zagreb ta raba sararinta kashi uku, ƙasa da tsakiya da sama. Sashen sama aikin mutum biyu ne, amma a wannan safiya Gradimir Tasić shi kaɗai ne a kansa, mataimakinsa bai iso ba, ga jirage sun yi masa yawa, yana magana da matuƙa yana kuma buga waya Belgrade. Jami'in sashen tsakiya ya nemi izininsa jirgin DC-9 ya haura zuwa ƙafa 35,000, aka yi yarjejeniyar cikin hanzari, da nuni a kan allo. Wajen miƙa jirgin aka umarci matuƙinsa ya dakatar da na'urar amsawa har a ba shi sabuwar lamba. Tasić bai ba shi ba. Saboda haka a allon Tasić jirgin ɗigo ne kawai, ba suna ba hawa, yana keta sararin da ke hannunsa.

Da ya farga, daƙiƙoƙi suka rage. Ya saki Ingilishi ya koma harshen Sabiya da Kuroshiya, ya umarci DC-9 ya tsaya inda yake, matuƙan Birtaniya kuwa ba su fahimci abin da ake cewa ba. Kafin jirgin ya daina hawa ya kai ƙafa 33,000 cif. Mutum 176 suka mutu a saman garin Vrbovec. An gurfanar da ma'aikatan cibiyar da dama, Tasić kaɗai aka samu da laifi, aka yanke masa shekara bakwai. Takwarorinsa na ƙasashen duniya suka yi ta koke cewa an mai da shi saniyar ware, aka sake shi a ƙarshen 1978. Ba wanda ya musa cewa ya yi kuskure. Abin da suka ce shi ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: tsarin da ke goge hawan jirgi daga allo a daidai lokacin da ake miƙa shi, da cibiyar da ke barin mutum ɗaya a kujerar mutum biyu, ba su shiga kurkuku tare da shi ba.

Komawa Nuwamban 1996

Jirgin ADC yana ƙafa 24,000 lokacin da ya nemi izinin fara sauka Legas. Aka jinkirta masa domin wani ƙaramin jirgi ya wuce ta ƙarƙashinsa a ƙafa 21,000. A daidai lokacin jirgin kamfanin Triax da ya tashi daga Legas yana ƙafa 16,000 a kan hanyarsa ta Inugu, jami'in radar Legas kuma ya riga ya sallame shi daga layinsa. Binciken ya nuna jami'in ya ɗauka ya riga ya ba ADC izinin saukowa ƙafa 10,000, wato ƙasa da Triax, alhali jirgin yana can sama bai keta hawan Triax ba tukuna. Da ya kai ƙafa 16,000, na'urar gargaɗin karo ta yi ƙara a ɗakin matuƙa. Suka karkata jirgin da ƙarfi fiye da kima, ya kife, cikin daƙiƙoƙi ƙalilan ya faɗa ruwa. Jiragen biyu ko taɓa juna ba su yi ba. Rahoton hukuma ya ce sanadi na kusa shi ne rashin tsabtar yadda jami'in rada ya raba jiragen, domin ya karkato ADC zuwa hanyar Triax, sannan ya ambaci yadda matuƙin ya yi kaucewar. Darasin Ejirin shi ne, jami'i da hotuna biyu yake aiki, ɗaya a kan allo, ɗaya a cikin kansa, kuma a kan na cikin kan yake ba da umarni. Ranar da suka saɓa, in babu wani abu da zai yi ƙara ya ankarar da shi, sai dai matuƙi ya tarar da saɓanin a gabansa.

A Delhi kuwa jami'in bai yi kuskure ba ko kaɗan, shi ya sa labarin ya fi bayyana matsalar. Ya umarci jirgin Saudiyya, wanda ya nufi Dhahran da mutum 312, akasarinsu Indiyawa masu zuwa ci-rani, ya tsaya a ƙafa 14,000. Ya umarci jirgin Kazakistan ƙirar Ilyushin 76, mai mutum 37, ya tsaya a ƙafa 15,000. Ya ma gargaɗi Kazakawan cewa ga jirgi tafe gaba da gaba da su, a ƙarƙashinsu. Hanya ɗaya suke bi, ɗaya na fita ɗaya na shigowa, domin sojojin saman Indiya sun riƙe mafi yawan sararin da ke kewaye da Delhi, an bar wa jiragen fasinja zirin hanya guda ta wannan ɓangare. Kazakawan suka ce suna ƙafa 15,000, alhali jirginsu bai daina gangarowa ba. Mai rediyo ne ke magana da ƙasa a madadin matuƙa, Ingilishin matuƙan kuma bai nuna ba.

Radar Delhi ta asali ce, ba ta nuna hawa. Abin da jami'in ke gani ɗigo biyu ne suna kusantar juna, kuma haka ya kamata su yi, tunda an tsara ɗaya ya bi ta saman ɗaya. A irin wannan allo, jirage biyu da ke wucewa lafiya da ƙafa 1,000 tsakaninsu da jirage biyu da za su yi karo kamanninsu ɗaya. Ɗigon suka haɗe, ya jira su rabu, sai suka ɓace. Kwamitin bincike na Mai Shari'a R. C. Lahoti ya ɗora alhakin kan matuƙan Kazakistan, amma shawarwarinsa ga hukumomin Indiya suka nufa: a raba hanyar shiga da ta fita, a kafa rada mai nuna hawa, a tilasta wa jirage ɗaukar na'urar gargaɗin karo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta wajabta wannan na'ura a sararinta.

Abin da aka ƙara, da abin da ya rage

Gyare-gyaren da suka biyo baya duk wuri guda suka nufa, wato rage abin da jami'i zai riƙe da ka. An sa wa kwamfutocin rada manhajar da ke hasashen inda kowane jirgi zai kai nan da minti ɗaya ko biyu, ta yi gargaɗi in biyu za su matsu. An yaɗa na'urar TCAS, wadda ke sa jirage biyu su yi magana da juna kai tsaye, ta ce wa ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. ICAO ta kafa mizanin ƙwarewar Ingilishi ga matuƙa da jami'ai. An kuma shata wa kowane babban fili hanyoyin tashi dabam da na sauka, yadda ko an yi shiru a rediyo jirage ba za su fuskanci juna ba.

Sai dai kowane sabon kayan aiki yana zuwa da tambayar ranar da ba ya aiki. A filin Linate na Milan, a Italiya, an daina amfani da tsohuwar radar da ke nuna motsin jirage a ƙasa tun ƙarshen 1999, sabuwar da aka saya shekaru kafin nan kuma ba a girka ta ba. Safiyar 8 ga Oktoba 2001, cikin hazo mai kauri, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya bi hanyar da ba ita aka ba shi ba, ya shiga titin tashi, jirgin kamfanin SAS mai zuwa Copenhagen ya kwashe shi yana tsaka da gudun tashi. Mutum 118 suka mutu, huɗu daga cikinsu ma'aikatan ɗakin kaya ne da jirgin ya afka wa. Jami'in hasumiya bai ga Cessna ba, da abin da matuƙin ya gaya masa ya yi aiki, alamomin da ke kan hanyoyin filin kuma ba su dace da taswirar da ke hannunsa ba. 'Yan watanni bayan haɗarin aka kunna sabuwar radar. A 2004 kotun Milan ta ɗaure jami'in, amma wannan karon ta haɗa da tsohon shugaban hukumar kula da zirga-zirgar jiragen Italiya. Tsakanin haɗarin Zagreb da hukuncin Milan an sami kusan shekara 28, kuma a cikinsu shari'a ta fara bin sawun laifi har ofishin da aka ajiye takardar sayen na'ura.

Nijeriya ma ta yi nata gyaran. An kafa hukumar NAMA a 1999, a 2010 kuma aka ƙaddamar da shirin TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya girka, da tashoshin rada a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, da wasu a Maiduguri da Ilorin da Numan da Obubra da Talata Mafara. A taswirar jiragen duniya, sararin Nijeriya baki ɗaya sunan Kano yake amsawa. Amma girka rada aikin shekara ɗaya ne, riƙe ta kuwa na kullum ne: wutar lantarki da ba ta yankewa, kayan gyara, injiniyoyi, layukan waya tsakanin cibiyoyi, da horon da zai sa jami'in da allonsa ya mutu farat ɗaya ya iya komawa ga takarda da agogo, ya buɗe tazarar mil 5 zuwa minti 10 ba tare da ya ɓatar da jirgi ko ɗaya ba. Fasinjan da aka ce masa tashinsa ya jinkirta saboda matsalar na'ura a hasumiya, sau da yawa wannan buɗe tazarar yake jira.

Don haka idan rahoton bincike ya fito, jaridu suka ɗauki jimlar da ta ce jami'i ya yi kuskure, akwai tambayoyin da mai karatu zai nema a shafukan ciki. Me allon yake nunawa a wannan minti, me kuma ba ya nunawa? Mutum nawa ya kamata su kasance a kujerar, nawa ne a kai? Wace na'ura ce ba ta aiki, tun yaushe, wa kuma aka rubuta wa? A Zagreb, amsar ta farko ɗigo ne maras hawa. A Delhi ma haka. A Linate, amsar ta uku wata 22 ce.